Ashiru da Ƙudajen Cikin Randa

A Ruwan Bago in aka ce Ashiru sai an ƙara da "wanda ba ya dariya", domin akwai wani Ashirun mai facin taya a bakin hanya, shi kuwa bakinsa ba ya rufuwa. Wannan da ake magana manomi ne ɗan manoma, gero da dawa da gyaɗa yake yi a gonar da ya gada yamma da gari. Dogo ne siriri, yana tafiya a hankali kamar wanda ya ɗauko kwano cike da mai. Baƙo in ya gan shi sai ya ɗauka girman kai ne. 'Yan gari sun san ba haka ba ne, amma ba maganar da ake yi a gabansa ba ce.

Yana yaro babu wanda ya kai shi ban dariya. A makarantar allo ta Malam Ikrima shi ne mai kwaikwayon muryar kowa, daga mai tallan nono har ladan, kuma ya sha bulala a kan haka ba ta hana shi ba. Da ya fara zama saurayi sai barci ya same shi. Barci a gona da fartanya a hannu, barci da loma a baki, barci a tsaye a sahun sallah. Mahaifinsa ya ce lalaci ne. Bayan barcin sai gwiwoyi suka fara. In ya yi dariya sai ya ji sun saki, haɓarsa ta zube, wuyansa ya kasa riƙe kai. Wata yamma a majalisar samari yana ba da labarin wani jaki da ya ƙi shiga kasuwar Rogo, kowa ya kece da dariya, shi ma ya biye musu, sai ya sulale ya zube ƙasa. Suka ɗauka cikin wasan ne, suka ƙara ƙyaƙyacewa. Yana kwance kumatunsa a ƙasa, yana jin kowa, yana ganin ƙafafunsu, amma ko ɗan yatsa ya kasa ɗagawa. Can jikinsa ya dawo masa kamar ba a yi komai ba, ya tashi ya kaɗe rigarsa, bai faɗa wa kowa ba.

Abin bai ɓoyu ba. Wasu suka ce farfaɗiya ce, wasu suka ce iska. Ya sha rubutu, an yi masa hayaƙi, an kai shi wurin masu ruƙiyya har Karaye. Malam Ikrima ya ce shi dai ya ga masu aljanu da yawa, wannan bai yi kama da nasu ba, amma bai san mene ne ba. Ya ce masa in ya faɗi ya riƙa karatu a zuci tunda harshe ba ya motsi.

An yi masa aure da Talatu, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta san komai kuma ta ce ta yarda. Ranar da ta haihu yana gona yana cirar gyaɗa. Wani maƙwabcinsu ya taho da gudu ya yi masa albishir, mace ce, uwa da ɗiya lafiya. Daɗin da ya ji ya kayar da shi tsakanin kunyoyi, kuma wannan karon jikin bai dawo da wuri ba. Duk lokacin da ya fara jin ƙarfi sai ya tuna an haifa masa 'ya, sai ya sake sakewa. Mutane suka taru. Aka yayyafa masa ruwa, aka ɗaga hannunsa aka saki ya faɗi. Wani ya shafa masa ido ya rufe. Aka ɗora shi a amalanke, aka lulluɓe shi da zane har fuska, aka nufi gari da salati. Yana jin warin shanu, yana jin kukan ƙafar amalanken, yana jin mutum biyu suna gardamar wanda zai shiga ya gaya wa mai jego. Wani dattijo ya ce Allah sarki, ko ganin yarinyar bai yi ba. A ƙofar gari ya samu ya motsa ƙafa, wanda ke tafe a gefen amalanken ya gani, ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙaya.

Daga ranar Ashiru ya sa wa kansa doka. In hira ta fara daɗi a majalisa sai ya miƙe ya ce zai duba dabbobi. Ya koyi cizon cikin kumatunsa, har wurin ya yi kanta. Ya daina hawa keke, ya daina leƙa rijiya, bai taɓa ɗaukar jaririyar yana tsaye ba. An sa mata sunan mahaifiyarsa, Siddiƙa, don haka Uwata yake kiranta. Talatu ma ta koyi nata. In tana da labari mai daɗi ba ta faɗa sai ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Malam, zauna." In labarin babba ne sai ta ce ya kwanta. A kwance ya ji Siddiƙa ta ci jarrabawar shiga sakandare, a kwance ya ji ta samu jami'a.

Akwai abu guda da ko Talatu bai taɓa gaya wa ba. In barcin rana ya fizge shi, a ɗan tsakanin nan da ido bai gama rufuwa ba, wani mutum yakan zo. Mutane suna maganar dannau, mai danne ƙirji, amma wannan ba ya danne shi, ba ya ma matsowa. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya juya baya, sanye da taguwa jiƙaƙƙiya, ruwa yana ɗiga daga bakinta ko da tsakiyar rani ne. Shekaru da yawa ƙeyarsa kawai Ashiru yake gani. Sai a hankali ya lura mutumin yana juyowa, kaɗan kaɗan, yadda inuwar bango ke tafiya ba a ganin tafiyarta. Shekarar da aka yi wa ɗansu na biyu, ƙanin Siddiƙa, aure ya fara ganin gefen kunnensa. Ba ya son tunanin ranar da juyowar za ta cika.

Siddiƙa ta tashi tana kallon mahaifinta yana faɗuwa yana tashi, kuma ta tashi ta san ba a tambaya. Ta yi karatu ta ƙara, har ta shiga binciken yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa jiki. A gida ba wanda ya san takamaiman abin da take yi, ana dai cewa tana karatun kai. Shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aiki, aka rufe ɗakunan bincike, wuta ta ɗauke babu mai tayar da inji. Sai ga ta a Ruwan Bago ana tsakiyar bazara, ta sauka daga mota rungume da kula irin ta masu sayar da ruwan sanyi, ba ta yarda kowa ya karɓar mata ba.

Talatu ta ɗauka tsaraba ce. Da aka buɗe sai ga 'yan kwalabe sirara kamar ɗan yatsa, kowace an toshe bakinta da auduga, a gindinta akwai wani abu kamar daskararren kunu. A ciki ƙudaje ne, irin ƙananan nan masu jan ido da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro. Siddiƙa ta ce aikinta na shekaru ke nan, in ta bar su a makaranta zafi zai kashe su. Ta sa aka nemo babbar randa da ƙarama, aka sa ƙaramar cikin babbar, aka cika tsakaninsu da yashi, aka jiƙa shi, aka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Aka ajiye a ɗakin da ake zuba gyaɗa, wanda ya fi ko'ina sanyi. Ta riƙa dama musu abinci da garin masara da sukari da yis na kwaɓin burodi. Talatu tana taya ta tana cewa ita kam ta ga zamani, ta yi shekaru tana korar ƙuda daga abinci, yau ga ta tana dafa masa.

Magana ta zaga gari cewa 'yar gidan Ashiru tana kiwon ƙudaje a kwalba. Wata maƙwabciya ta daina aiko da yara ɗiban wuta. Ashiru ya je ya ɗauko Malam Ikrima, wanda a lokacin ya tsufa har sai an riƙe masa hannu. Malam ya ɗaga kwalba ɗaya zuwa haske ya daɗe yana dubawa. Ya tambaya ko ana ciyar da su, aka ce ana ciyarwa. Ya ce to, neman sani ba laifi ba ne, amma halittar Allah ce, kada a wahalar da su a kan wasa. Maganar gari ta lafa daga nan.

Ashiru bai cika shiga ɗakin ba, amma yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallon 'yarsa ta sunkuya a kan madubinta na ƙara girman abu, tana ware ƙudaje da gashin kaza. Wata rana da hantsi ta ɗago ta gan shi, ta ce ya shigo ta nuna masa. Talatu ma ta biyo da tsintsiya a hannu.

Ta yi musu bayani a hankali. Ta ce ƙwaƙwalwa, ta ƙuda ko ta mutum, ba abu guda ba ce, tarin ƙwayoyi ne masu yawan gaske, iri iri, kowane iri da aikinsa. Wahalar masu bincike ita ce yadda za su taɓa iri ɗaya kawai su bar sauran, don su gane aikinsa. Shi ya sa ake kiwon gida biyu na ƙudaje. Gida ɗaya an sa musu kwaɗo, irin na kulle ƙofa, a cikin abin da suke gadar wa 'ya'yansu, kwaɗon yana cikin kowace ƙwaya ta jikinsu amma a rufe yake, ba ya yin komai. Ɗaya gidan an sa musu mabuɗi, shi kuma ba ya fitowa sai a cikin irin ƙwayoyin da ake so. In aka haɗa su aure, 'ya'yan sukan gaji duka biyun, kwaɗon ya buɗe a waɗannan ƙwayoyin kaɗai. Abin da ke cikin kwaɗon nata kuwa, in ya ji ɗumi sai ya sa ƙwayar ta yi shiru, in sanyi ya dawo ta ci gaba da aiki.

Ta zuba ruwan ɗumi a kwano, wanda ko jariri za a yi wa wanka da shi, ta tsoma gindin kwalba ɗaya. Ƙudajen suna hawa bangon kwalbar suna sauka, kowa da harkarsa. Jim kaɗan sai ɗaya ya saki ya faɗo. Sai wani. Sai suka riƙa zubowa kamar ana kaɗa tsamiya, har babu ko ɗaya a sama. Suna kwance a gindin kwalba, wasu a rigingine, ƙafafu a sama. Talatu ta yi salati a hankali. Siddiƙa ta ciro kwalbar ta ɗora a kan jiƙaƙƙen buhun. Suka zuba ido. Wata ƙafa ta motsa. Ɗaya ya mirgina ya miƙe, ya goge fuskarsa da hannuwansa, ya kama hawa bango kamar bai taɓa faɗuwa ba. Sauran suka bi shi.

Talatu ta fita, ta bar tsintsiyarta a nan. Ashiru ya daɗe a tsugune.

"Uwata," ya ce, "lokacin da suke kwancen nan, suna ji?"

"Ban sani ba, Baba. Ƙwayoyin ji da na gani ban taɓa su ba. Na motsi kawai na rufe."

"To suna ji," ya ce.

Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ce masa kawai ƙuda ba mutum ba ne, kada ya ɗauka abu ɗaya ne. Ya gyaɗa kai ya fita.

Bayan kwana biyu ta ce za ta shiga Kano ta ga malaminta ta kuma sayo kayan aiki, za ta ɗan kwana. Ta bar wa mahaifinta amanar randar. Aikin ba wuya, ya jiƙa yashin safe da rana, ya tabbata buhun bai bushe ba, kada a fito da komai. Ta nuna masa kwalbar nan da ta tsoma a ruwan ɗumi, mai ɗaurin jan zare, ta ce waɗannan su ne 'ya'yan da ta daɗe tana jira, sauran duk iyaye ne.

Ranar farko ya jiƙa yashi ya fito. Rana ta biyu ya jiƙa, ya tsaya, ya ɗaga buhun. Ya gaya wa kansa dubawa kawai zai yi ko suna da rai. Ya ciro mai jan zaren, ya riƙe ta a tafin hannu yana kallo. Bai kawo ruwan ɗumi ba, bai yi niyyar komai ba. Ɗumin hannunsa ne ya isa. Na farko ya faɗo, amma bai buɗe hannun ba sai da na ƙarshe ya zube. Ya ɗora kwalbar a kan buhu, suka tashi. Ya sake dunƙule ta.

Ya yi haka ranar, ya yi washegari. Maganar Malam Ikrima tana zuwar masa, yana ture ta. Ba daɗi yake ji ba, abin ya fi kama da sosa gyambo. Shekara da shekaru shi ake yi wa, bai taɓa sanin yadda abin yake daga sama ba. Ashe babu wuya. Ba a bukatar ƙiyayya ko fushi, hannu kawai za ka rufe ka jira. Ya lura akwai wani ɗan ƙarami da kullum shi ne na ƙarshen faɗuwa, yakan maƙale da ƙafa ɗaya a jikin auduga yana lilo kafin ya saki. Ashiru ya samu kansa yana jiran wannan ɗin, yana so ya ga ko yau zai riƙe.

Ranar da abin ya faru Talatu ta tafi barka a unguwar gabas, gidan babu kowa. Rana ta take, ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Ɗakin gyaɗa da duhu, shi kuma yana so ya ga idanunsu da kyau, ya gani ko suna kallo in suna kwance. Ya fito da kwalbar tsakar gida. Ya kayar da su, ya tsoma gindin kwalbar a ruwan buta, suka fara tashi. Ɗan ƙaramin nan ya riga kowa miƙewa tun ƙafafunsa ba su gama dawowa ba. Ya yi taku biyu yana tangaɗi, ya tsaya ya murza hannuwansa da muhimmanci kamar dillalin da ya zo raba gardama a kasuwar shanu, sai ya kife. Dariyar ta fito wa Ashiru daga ciki kafin ya kai ga cizon kumatu. Wata irin murya ce mai tsatsa, shi kansa bai gane ta ba.

Ya zube a tsakiyar rana. Kwalbar ta suɓuce ta gangara, ta tsaya daidai fuskarsa a kan ƙasa mai zafi. Kumatunsa yana ƙuna. Yana ganin ƙudajen suna zubowa, wannan karon da sauri. Ya san in ba a ɗauke su ba ba za su tashi ba, ga hannunsa nan kusa da kwalbar, tazarar ba ta fi taƙi ba. Ya fara karatu a zuci. Sai ya ji ɗigar ruwa.

Mutumin bai tsaya a bakin ƙofa ba. Ya tako tsakar gida, ruwa yana zuba daga taguwarsa, ƙasar tana nan a bushe. Ya zo ya tsuguna a gefensa, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ashiru ya ga fuskar da ya yi rabin rayuwarsa yana tsoron gani. Fuska ce ta mutum kamar kowa, ba ƙaho ba haƙora, irin wadda za ka gani a kasuwa ka manta. Babu mugunta a cikinta, babu tausayi. Mutumin ya dubi kwalbar, ya dubi Ashiru, ya sake duban kwalbar. Ba ya sauri. Jira yake ya ga wanda zai riga tashi.

Talatu ce ta dawo ta same shi, ta ja shi da ƙyar zuwa inuwar ɗaki tana kiran sunan Allah, ta jiƙa zane ta shafa masa. Gefen fuskarsa ya saɓule kamar wanda ya faɗa murhu. Abu na farko da ya ce da bakinsa ya dawo shi ne a ɗauko kwalbar. Ya sa ta a randa, ya zauna a gabanta har la'asar. Babu wanda ya motsa a ciki.

Da Siddiƙa ta dawo bai jira ta tambaya ba. Ya miƙa mata kwalbar ya gaya mata yadda aka yi, tun daga ranar da ya fara dunƙule ta. Ta juya kwalbar a hannunta, ranta ya ɓaci, ya gani a fuskarta. Ta ce iyayen suna nan, za ta sake haɗa su, sai dai aikin ya koma baya. Sai ta dubi ƙunar da ke fuskarsa, ta zauna a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi a gabansa ba in ba gaisuwa za ta yi ba, ta ce ya gaya mata abin da yake gani in ya faɗi.

Ya gaya mata. Ya faɗi amalanke, ya faɗi mutumin mai jiƙaƙƙiyar taguwa, ya faɗi fuskar. Talatu tana bakin ƙofa tana ji, shekara talatin da wani abu tana kwana ɗaki ɗaya da shi ba ta taɓa jin wannan ba. Siddiƙa ta ce ciwon nan yana da suna a asibiti, kuma ta daɗe da zarginsa, tun tana ajin farko a jami'a, ta rasa ta inda za ta fara ne. Ta ce can tsakiyar ƙwaƙwalwar mutum akwai wasu 'yan ƙwayoyi kaɗan waɗanda aikinsu su tsare iyaka tsakanin barci da farke. Kowa in yana mafarki jikinsa yakan saki don kada ya tashi ya bi mafarkin. Wanda ya rasa waɗannan ƙwayoyin, sakin jikin yakan zo masa ido biyu, mafarkin ma yakan biyo shi cikin rana.

Ya tambaya ko suna dawowa. Ta ce a'a. Ya tambaya wa ya kashe su.

"A yadda ake zato, jikinka ne da kansa, Baba. Ya ɗauke su baƙi ne, ya yaƙe su."

Wannan amsar ta fi ta aljanu tayar masa da hankali. Kwanaki yana duban hannuwansa in yana alwala.

Ta kai shi Kano wurin likitan ƙwaƙwalwa. Aka manna masa wayoyi a kai aka ce ya yi barci, abin da bai taɓa ba shi wuya ba. Aka ɗora shi a kan magani. Faɗuwar ta ragu sosai, ba ta tafi duka ba. Mai jiƙaƙƙiyar taguwar ma bai daina zuwa ba, amma ya koma nesa, wani lokaci a wajen dangar gida, wani lokaci sai ɗigar ruwan kawai. Da aka janye yajin aiki Siddiƙa ta kwashe kwalabenta ta koma. Talatu ta wanke randar tas, amma ba wanda ya yarda ya sha ruwa a cikinta, sai aka riƙa jiƙa dusar awaki a ciki.

Labari ya bazu cewa an gano ciwon Ashiru a asibiti. Da damina ta faɗi, wata rana bayan azahar, wani mutumin Yammedi mai suna Lado ya yi sallama da ƙaninsa Awaisu. Awaisu tela ne, magidanci mai 'ya'ya uku, hannunsa na dama duk tabon allurar keken ɗinki. Lado ya ce barci yake yi a kan ɗinki, kuma yana faɗuwa, sun gaji da yawon magani, shi ne aka ce su zo nan. Awaisu ya sunkuyar da kai ƙasa.

Suka zauna a zaure. Bayan gaisuwa Ashiru bai tambaye shi komai ba, sai ya shiga faɗin nasa. Yadda haɓa ke fara zubewa kafin gwiwa. Yadda kake jin ana maganarka kamar ba ka nan. Yadda mutum ke koyon gudun abin da yake so. Awaisu ya ɗago a hankali. Idanunsa suka cika, bakinsa ya fara buɗewa da wani abu tsakanin kuka da murmushi, ya ce, "Wallahi haka ne, Baba," sai wuyansa ya karye gefe, ya sulale jikin bango.

Ashiru bai taɓa ganin abin a jikin ɗan Adam ba. Ya ga fuskar ta zube kamar rigar da aka cire daga ƙusa, ya ga idanun a buɗe rabi, da mutum a bayansu. Tausayi ne ko firgita, bai tantance ba, ya dai ji gwiwoyinsa sun tafi duk da maganin, ya kwanta a gefensa na tabarmar.

Lado ya miƙe zai yi ihu. Talatu, da ta kawo ruwa ta tsaya daga bayan ƙofa, ta ce masa ya zauna, kada ya jijjiga su, kada ya tara mutane, ya yi ta yi musu hira kawai. Ya koma ya zauna tsakanin magidanta biyu da ke kwance ba motsi. Ya rasa abin faɗa, sai ya kama maganar ruwan sama, cewa a Yammedi an samu mai yawa shekaranjiya har ya cinye gadar rafi. Ya faɗi wanda ya riga kowa yin noman farko. Ya faɗi akuyarsu da ta haifi uku. Hadari yana haɗuwa a waje, zauren yana ƙara duhu. Da labarai suka ƙare masa sai ya shiga lissafa masu gonakin da ke bakin hanya tun daga garinsu, ɗaya bayan ɗaya. Ya kusa isowa Rogo Sabon Gari a lissafin nasa, sai yatsun Awaisu suka motsa.

Da jikinsu ya dawo su biyun, suka sha ruwan da Talatu ta kawo. Ashiru ya ce su dawo ranar Litinin da sassafe, zai raka su Kano da kansa tunda ya san ƙofar da ake shiga. Ya taka musu har bakin hanya, suka hau babur, Lado ya sa ƙaninsa a tsakiya, tsakaninsa da mai babur ɗin, ya ɗaura shi a jikinsa da rawani. Yayyafi ya fara sauka kafin su sha kwana. Daga baya Lado ya gaya wa mutanen Yammedi cewa ya yi jinyar marasa lafiya, ya kuma zauna gadin gawa, amma bai taɓa zama inda ya ji ana saurarensa kamar a zauren nan ba.